Lalle a Ƙafar Rekiya Mai Gumi

Duk wanda ya saba kai shinkafa wajen injinan garin Lafiya ya san Rekiya mai gumi. Ko bai riƙe sunanta ba, ya san tafiyarta. Ita ce doguwar matar nan da za ka hango da tsakar rana cikin shanya, gyale ɗaure a ƙugu, hannu biyu a baya, tana jan ƙafa cikin shinkafa ba ta ɗagawa. Ta je can ƙarshen siminti, ta juyo, ta sake ja. In ta gama sai ka ga shanyar ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka huɗe.

Aikin gumi ba wasa ba ne. Za a jiƙa shinkafa da ɓawonta ta kwana, a zuba a duro, a hura wuta da itace da ɓuntu har tururi ya fasa bakinta, a juye da zafinta, a baza a rana. Daga nan sai juyi. Wasu da manjagara suke juyawa. Rekiya kuwa ta ce manjagara ba ta jin komai. Tafin ƙafarta ne ke gaya mata in shinkafa ta isa shiga inji. In da sauran danshi inji ya dame ta, in kuma ta wuce bushewa ta kakkarye ta koma ta tuwo. 'Yan kasuwa daga nesa sukan ce a kai musu kayansu wurin mai ƙafar nan, don shinkafarta doguwa take fitowa.

A hannun uwarsu ta koya, ita da yayarta Ikilima. Ikilima ba ta jure hayaƙi ba, ta koma sayar da ƙosai da kunu a unguwar Azuba. Rekiya ce ta riƙe sana'ar. Tana 'yar budurwa ne abin ya same ta. Dutsen murhu ɗaya ya fashe da zafin wuta, duro ya karkace, ruwan gumi ya sheƙo mata a ƙafar dama, tun daga ƙasan gwiwa har idon sawu. A gida aka yi jinya, da zuma da gashin zomo, yadda kowa ke yi a lokacin. Ta warke. Sai dai wurin ya bar tabo fari-fari mai sheƙi, fatar a ɗame, in rani ya yi ta tsattsage. Man kaɗanya take shafawa ta wuce. Har wasa take yi da shi, wai ita ce Allah ya yi wa safa ƙafa ɗaya.

Ta yi aure, ta haifi ɗa guda, Luqman. Mijin direban babbar mota ne, ya rasu yaron na firamare. Da wannan ƙafar mai safa ta ciyar da shi, ta sa shi koyon walda, har ya buɗe shagonsa a Akwanga ya yi iyali.

Wadda ke shanya kusa da ita wata Erdoo ce, 'yar Tibi daga Agyaragu. Tare suka tsufa a kan simintin nan. In hadari ya taso ba a tambayar ta wa za a fara kwashewa, wadda ta fi bushewa ita ake rufa wa. A Hausar Erdoo kowa namiji ne, har ita Rekiyar. Kullum suna cikin tsiya. Rekiya ta ce Tibi in ya yanko lomar sakwara sai ka ɗauka ɗan akuya zai haɗiye. Erdoo ta ce, “Maman Luqman, kai da ke cin tuwo kamar mara lafiya, shi ya sa ka yi tsawo ba faɗi, kamar falwaya.” Ranar Kirsimeti Erdoo kan sa a kira Musulmi ya yanka mata kaji don Rekiya ta ci. Da Sallah kuma cinyar rago ta Erdoo ce, ba a ma tambaya.

To, wata shekara da rani tabon ya tsage kamar yadda ya saba, amma wannan karon bai rufe ba. Ɗan ƙurji ne a kan ƙwauri, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta je kemis, aka wanke, aka fasa kafso aka barbaɗa, aka naɗe. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya dawo ya fi da. Damina ta shigo ta fita yana nan. Bakinsa ya tashi ya juyo waje, ya yi tauri, tsakiyar kuma wani nama ya tsiro gudaji-gudaji, ko zani ya goga sai jini. Duk da haka ba ta bar shanya ba. Leda take ɗaurawa a kan bandeji ta shiga.

Ikilima ce ta matsa mata suka je babban asibiti. Likita ya duba, ya ce ba zai ba da magani ba tukuna, sai an ɗan yanki naman an kai an auna, don yana zargin ciwon daji. Ya ce su jira a benci. Nan kan bencin wata tsohuwa da ke jin zancen ta matso, ta rage murya, ta ce musu daji ai ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi yake haukacewa ya bazu a jiki. Ba ita ta ƙirƙiro maganar ba, Rekiya ta sha jinta tun tana yarinya. Ta sunkuya ta sa takalminta. Ikilima na cewa su tsaya su ƙara tambaya, ita har ta kai bakin get tana tsayar da keke.

Daga nan sai masu magani. An kai ta wurin wani a bayan Assakio. Ya kalli ƙafar, ya tambayi sana'arta. Da ya ji da ƙafa take aiki, kuma ba takalmi, sai ya gyaɗa kai, ya ce ai magana ta fito, takawa ta yi. An binne mata abu inda take shanya, kuma wanda ya yi na kusa ne, mai ganin kwastomominta yana jin zafi. Bai kama suna ba. Amma wa ke kusa da shanyar Rekiya?

Ba ta yi faɗa da Erdoo ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Daina amsa gaisuwarta kawai ta yi. Kajin Kirsimeti suka zo, ta ce a mayar. Maganar ta zaga injina har ta koma kunnen Erdoo. Sai Erdoo ta cire silifas, ta shiga simintin Rekiya tana juya mata shanya da ƙafa, kullum, don kowa ya ga ba abin da ke wurin. Mutane suka ce yo ai abu ba ya kama mai shi.

Ƙafa dai ta ƙi. An shafa saiwa, an shafa toka da kanwa, an yi turare, an sha rubutu. Gyambon ya ci ƙwauri ya zagayo. Rekiya ta daina fita. Ikilima ta ɗauko ta ta dawo da ita Azuba, ta ba ta ɗakin da ke kallon rijiya. Mace mai tsayi da ƙarfi ta koma sai ƙashi, zaninta na zagaya ta sau biyu. Ga wari. Shi ya fi ciwon ci mata rai. Ita da ta saba jikinta na ƙanshin gumi, yanzu jikokin Ikilima in za su wuce ƙofarta sai su ja riga su rufe hanci, ita kuma tana ganinsu. Ta roƙi a riƙa ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Ikilima ta ƙi, ta ce tun suna yara kwano ɗaya suke ci, ba yau za ta canza ba. Tana shiga ta zauna ta ci, in ta fito ta zagaya bayan ɗaki ta yi kukanta, ta wanke ido ta koma kan kaskon ƙosai.

Luqman ya zo ya durƙusa ya roƙe ta su koma asibiti. Ta ce in an je yanke ƙafar za a yi, ita kuma gara ta koma ga Allah da ƙafarta biyu yadda ya aiko ta. Ta ce in ba ƙafa, me ya rage na Rekiya?

Ana haka wata Lahadi da hantsi sai ga sallama da wata irin Hausa da kowa a gidan ya sani. Erdoo ce, daga coci, da ɗaurin ɗankwalinta. Ikilima ta rasa yadda za ta yi, ta dai nuna mata ɗakin. Rekiya na jin muryar ta juya fuska bango.

Erdoo ta shiga ta tsaya. Ba ta toshe hanci ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta zauna a ƙasa, kayan cocin da komai.

“Na san wannan wari,” ta ce. “Maman Luqman, na san shi.”

Sai ta ba da labarin da duk zamansu ba ta taɓa bayarwa ba. Tana da ƙane, Iorliam, zabiya ne, fari tas. Manomin doya ne, a rana ya tashi, a rana yake yini, ba hula, don ana masa dariya in ya sa. Ƙurji ya fito masa a kan kunne. Su ma aka ce musu jifa ne, kawunsa ya yi masa saboda gona. Suka yi ta yawon masu magani, aka daina gaisawa da kawun. Abin ya cinye kunnen, ya gangaro wuya. Ranar da suka kai shi asibiti likita ya ce rana ce ta jawo, irin fatarsu ba ta da abin kare kanta, kuma da sun zo yana ƙarami da an cire shi a zaune. Yanzu kam ya shiga wuya, ba abin da wuƙa za ta bi. Ita ta riƙa wanke masa har ya mutu. Shi ya sa ta san warin tun daga bakin ƙofa.

“Na kunne in ya shiga wuya, ba a yanke kai,” in ji Erdoo. “Naka a ƙafa yake, akwai inda za a tare shi. Abeg, don Allah. Ka ce ni na yi, na yarda, kada ka sake gaishe ni har abada. Amma ka je.”

Rekiya ba ta juyo ba. Erdoo ta tashi ta kakkaɓe zani ta tafi. Sai can da la'asar Ikilima na tankaɗe a tsakar gida ta ji an ce, “Yaya, ina katin asibitin nan?”

Wani likita suka samu, Dokta Aper, mai furfura a gemu. Wannan karon ta bari aka yanki naman. Ba wani abu ba ne, an kashe wurin da allura, an ɗebi ɗan kaɗan, kuma daji bai haukace ba. An ɗauki hoton ƙashin. Ya danna matsematsinta ya ji kaluluwa ta kumbura, fuskarsa ta ɗan canza, ya sa allura ya zuƙi ruwanta don ita ma a auna.

Da sakamakon naman ya dawo, likitan ya zaunar da su ya yi musu bayani da Hausa. Ya tambayi yaushe ta ƙone, ta faɗa. Ya ce to daga nan ne. Fatar mutum kullum cikin sabunta kanta take, ta sama ta zube, wata ta taso. Inda wuta ta ci, tabo na ta tsagewa yana gyaruwa shekara da shekaru, wata rana sai gyaran ya kuskure, fatar ta yi ta tsiro ba tsayawa tana cin na kusa da ita. Shi ne irin wannan dajin na fata. Ya faɗi sunansa da Turanci, wani dogon abu mai farawa da sikwamos. Ya ce yana kama tsohon tabon wuta, da gyambon da ya daɗe, da fatar zabiya da rana ta gasa. Ba takawa ba ne, ba ya kuma yaɗuwa zuwa ga mai jinya. Duk ciwon da ya ƙi rufewa wata da watanni, musamman a kan tabo, a zo a auna.

Rekiya ta tambaye shi, da ta tsaya ranar farko fa? Ya so ya kauce, ta ce ya gaya mata gaskiya. Ya ce da sun yanke wurin da ɗan gefensa, su ɗebo fata a cinyarta su lulluɓe, ta koma aikinta. Amma yanzu ya shiga ƙashi. Sai dai a cire daga ƙasan gwiwa, kuma kada a daɗe, tun bai haura ba.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dai sunkuya tana kallon yatsunta.

Ana gobe tiyata, da yamma, ta kira Ikilima ta ce tana so a sa mata lalle. Ikilima ta ɗauka zafin ciwo ne ke sa ta sambatu. Ta ce a'a, ƙafar nan ta yi mata bauta tun tana yarinya, ba za ta sallame ta haka fururu ba. Aka tambayi nas. Nas ta ce ban da farcen hannu, kuma kada ya taɓa bandeji, ta juya ta tafi tana share ido da bayan hannu.

A barandar ɗakin mata Ikilima ta kwaɓa lallen a murfin kwano. Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta shafe tafin da yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe da leda. Tun da can lalle ba ya kama Rekiya. Ko ranar aurenta sai da aka yi dariya, don zafin shinkafa ya mayar da tafin kamar ƙirgi. Amma zaman jinya ya sa ya yi laushi kamar na jariri. Da aka kwance ledar sai ga shi ya kama jawur, har yana ɗaukar ido.

“Yaya, kin ga,” in ji Rekiya. “Sai yau ya kama.”

Nan Ikilima ta kasa riƙe kanta. Rekiya ce ma ta koma rarrashinta.

Washegari aka yi. Aka miƙo wa dangi ƙafar, yadda ake yi, don a binne. Ikilima ce ta naɗe ta a farin ƙyalle. Kafin ta rufe sai da ta ƙara kallon jajayen yatsun nan. Luqman da maza biyu na unguwa suka kai maƙabarta. Ba a yi salla ba, tunda mai ita na da rai. Ya dawo ya zauna a gindin mangwaron asibiti.

Bayan an sallame ta suka koma jin sauran sakamako. Dokta Aper ya ce inda suka yanka tsaf yake, ba daji a bakinsa. Kaluluwar kuma ruɓar gyambo ce ta tayar da ita, dajin bai kai can ba. Ya ce ba a ce an gama ba, za ta riƙa zuwa ana dubawa, in ta ji wani kumburi a matsematsi ta zo a ranar, don in ya dawo akwai sauran aiki, har da gasa wurin da na'ura a Abuja. Ikilima rabin maganar kawai ta ji. Bai kai can ba, shi ke nan abin da ya shiga kunnenta. Ta gaya wa nas, ta gaya wa mai gadi, ta gaya wa mai keken da ya kawo su, har ya juyo ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Mama, amma ki bar ni in ga hanya. Ta soya ƙosai ta raba wa unguwa kyauta. Duk wanda ya zo jaje sai ya tarar da ita baki har kunne, tana cewa ƙafa suka binne, ba ƙanwarta ba. Har yau ba ta sauko daga murnar ba, kuma ba wanda zai ga laifinta, don ita ce ta riga ta fara tunanin inda za a sayo likkafani.

Rekiya kuwa ba ta shiga murnar ba. Warin ya tafi, tana cin abinci, kumatu sun fara dawowa. Ta koyi sanduna. Amma sai ta yini a bakin rijiya tana kallon inda zani ya faɗa ba komai a ciki. Silifas ɗinta na dama yana ƙarƙashin gado, ta hana a yar.

Da kaka ta yi, sabuwar shinkafa ta fara shigowa, ta ce a kai ta injina. Ikilima ta so ta hana, ta ga ba fuska. Suka sauka daga keke cikin hayaƙin ɓuntu da ƙarar inji. Mata suka yo caa, wasu na murna, wasu sun kasa haɗa ido da ita, don su ne suka yi ta kai maganar nan suna kawowa. Simintinta na nan, shanya a baze, Erdoo na ciki tana jan ƙafa. Da ta hango su sai ta tsaya cak a tsakiya.

Aka kawo kujera 'yar tsugunne. Rekiya ta ce a matsar da ita bakin shanyar. Ta zauna, ta jingine sanduna, ta cire silifas ɗin hagu, ta tura ƙafar cikin shinkafar. Ta murza, ta lumshe ido, ta sake murzawa.

“Da saura,” ta ce. “Erdoo, gefen can kin bar shi, ba ki juya ba. Ke har yau ba ki iya ba.”

Erdoo ta yi dariya, hawaye na bin fuskarta. “Ka gani ko? Sun yanke ƙafa, sun bar baki.”

Ta juya ta nufi gefen da aka nuna mata. Rekiya na bin ƙafafunta da kallo, ta je, ta dawo, kunya na fitowa a bayanta a karkace. Can sai ta ji ƙaiƙayin ɓawon shinkafa ya shiga tsakanin yatsunta na dama, irin wanda ta sani tun tana yarinya, tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Ta sunkuya ta kai hannu za ta sosa. Hannun ya sauka a kan siminti mai zafi. Ta bar shi a wurin.